Shugabanci da Amana a Sha'anin Haja: Tarihin Cinikin Gyaɗa ta Fuskar Yammacin Katsina

Gabatarwa

A kamfanonin zamani akwai wani muƙami da ake ba mutum domin ya tsaya a kan haja guda ɗaya, tun daga inda ake yin ta har ta isa hannun mai saye. Wuyar wannan aiki ita ce, mai riƙe da shi ba shi ke yin hajar da hannunsa ba, kuma galibi ba shi da ikon tilasta wa masu yin ta. Abin da ya mallaka shi ne maganarsa, da kuma ko an yarda da ita ko ba a yarda ba. Da yawa daga masu rubutu a kan wannan fanni sun ɗauka sabon abu ne. A wannan maƙala za a yi ƙoƙarin nuna cewa ƙasar Hausa ta ga wannan al'amari tun daga tasowarsa har zuwa faɗuwarsa a kan haja guda, wato gyaɗa, tsakanin 1912 da 1986. Za a dubi labarin ne ta fuskar manoman yammacin Katsina, wato ƙasar Sarkin Ruma da ke zaune a Batsari da ƙasar Yariman Katsina da ke zaune a Safana.

Dalilin zaɓen wannan yanki shi ne nisansa. Manomin da ke bakin Dajin Rugu bai taɓa ganin Baturen da ke matse man gyaɗarsa ba, yawanci ma bai taɓa ganin dalar gyaɗa ta Kano ba. Duk abin da ya sani game da kuɗin kayansa da darajarsu, ta bakin wani ya ji shi. Saboda haka a wurinsa ne za a fi gane abin da ya sa mutum ya yarda ya shuka abu domin mai sayen da bai sani ba, da kuma abin da ya sa daga baya ya janye hannunsa.

Gadon fatauci

Kafin a zo kan gyaɗa ya kamata a tuna cewa Hausawa ba su shiga ƙarni na 20 da hannu biyu ba. A ƙarni na 19 ayarin fatake na tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja domin sayo goro, tafiyar watanni da yawa. Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 a kan wannan fatauci, ya bayyana manyan rukunan da suka riƙe shi, wato Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Shugaban ayari shi ne madugu. Kayan da ke bisa jakunan ayari ba nasa ba ne, sai dai kasonsa a ciki, kuma fataken da ke bin sa ba bayinsa ba ne, kowa da jarinsa. Duk da haka shi ke faɗin ranar tashi da inda za a ya da zango, shi ke daidaitawa da sarakunan hanya a kan fito da kuɗin ƙetare ƙasa. Wanda bai gamsu da shi ba, baɗi sai ya bi wani madugun. A can masauƙi kuma akwai fatoma, wanda ke ajiye kayan baƙo, ya nemo masa dillali, ya kuma tsaya masa idan an sayi kayan bashi.

Abin lura a nan shi ne, a wannan tsari suna shi ne jari. Madugu ko fatoman da ya ci amana sau ɗaya, labarinsa zai riga shi isa kowane zango. Ba wai mutanen da sun fi na yanzu tsoron Allah ba ne dole. Tsarin ne ya sa cin amana ya fi riƙon ta tsada, domin wanda aka cuta yana da inda zai koma.

Yadda gyaɗa ta kayar da auduga

Turawan Ingila ba gyaɗa suka zo nema a Arewa ba. Masaƙun Lankasha na neman audugar da ba ta Amurka ba, don haka a 1902 aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga, wadda aka fi sani da BCGA, a birnin Manchesta. Begen samun auduga na cikin manyan dalilan da suka sa aka ja layin dogo zuwa Kano, inda ya iso a 1911 aka kuma buɗe shi ga ciniki a 1912. Ƙungiyar tana da kuɗi da injunan gurza, tana kuma da kunnen gwamnati. Abin da ba ta yi ba shi ne tambayar manomi. Kuɗin da ta sa wa auduga bai kai wanda masaƙan gida da marina ke biya ba, alhali kuwa ƙasar Kano ta daɗe tana tufatar da rabin Sudan ta Tsakiya.

A daidai wannan lokaci masana'antun Turai sun gano hanyar daskarar da man tsirrai domin yin man shafa wa burodi, sai kuɗin gyaɗa ya tashi. Kamfanonin da suka biyo jirgi zuwa Kano ba su san ƙauyuka ba, ba su kuma jin Hausa sosai. Waɗanda suka san ƙauyukan su ne tsofaffin fataken goro. Jan Hogendorn, wanda ya wallafa bincikensa a kan asalin wannan ciniki a 1978, ya nuna yadda attajirai irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo da Alhassan Ɗantata suka juya yaransu da jarinsu da sunansu zuwa ga gyaɗa. Suka aika yara ƙauyuka da gishiri da tufafi da kuɗi, ana ba manomi tun kafin kaka a kan zai biya da gyaɗa. Sakamakon ya ba kowa mamaki, har da Turawan kansu: gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta tashi daga tan kusan 2,500 a 1912 zuwa fiye da tan 19,000 a 1913, har tashar jirgin Kano ta rasa inda za ta sa buhuna.

Lissafin manomi a fili yake. Gyaɗa na son jigawa, tana ƙara wa gona ƙarfi, harawarta abincin dabbobi ce, in kuma kasuwa ta faɗi ko gero ya gaza, ana iya cin ta. Auduga ba ta ciyuwa. Fataken sun san wannan domin su ma daga cikin manoman suka fito. Ba su ƙirƙiro wa manomi wata bukata ba, sun dai gane wadda yake da ita. A ganina wannan ne darasi na farko a tarihin: mai iko ya zaɓi haja ya nemi a bi shi, masu amana suka bi zaɓin manomi suka kuma zama shugabannin hajar. Auduga ta samu wurin zama daga baya a kudancin Katsina, wajen Funtuwa da Malumfashi, bayan an kawo irin Alan mai dogon zare, layin dogo kuma ya ratsa Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920. Amma wannan wani labari ne.

Sarƙar amana daga Rugu zuwa Kano

A ƙarni na 19 yammacin Katsina bakin daga ne. Bayan jihadi, sarakunan Katsina na Haɓe sun kafa Maraɗi, kuma hare-hare tsakaninsu da Katsina ta Fulani sun sa mutane tattaruwa a garuruwa masu ganuwa irin su Ruma, dajin da ke tsakani kuwa ya yi kauri. Bayan 1903, da yaƙe-yaƙen suka lafa, sai mutane suka riƙa fita suna saran daji suna kafa unguwanni. Gyaɗa ta tarar da yankin yana da abu biyu da take so, wato ƙasa mai rairayi da sababbin gonaki. Abin da ba shi da shi shi ne hanya. A duk tsawon ƙarni na 20 jirgin ƙasa bai iso birnin Katsina ba, balle Batsari ko Safana. Jakuna da raƙuma ne suka fara ɗaukar kayan, kafin motoci su karɓa.

To, a nan ne sarƙar ta yi tsawo. Kamfani a Kano ya ba babban attajiri kuɗi. Ɗantata, alal misali, ya zama mai saya wa Kamfanin Neja a 1918, daga baya kuma UAC da aka kafa a 1929. Attajiri ya raba kuɗin ga wakilansa a manyan garuruwa, su kuma su raba wa yaransu, yara su ba 'yan baranda da ke zaga kasuwannin ƙauye da mudu da buhu. Kuɗi ya sauka hawa huɗu ko biyar kafin ya taɓa hannun manomi, gyaɗa kuma ta hau waɗannan matakai ta koma fuloti. Yawancin wannan mu'amala ba takarda. Wanda ya karɓi fam ɗari a farkon kaka, abin da ke hana shi gudu da ita shi ne ubangidansa ya san mahaifinsa, ya san gidan da ya yi aure, kuma in ya cika alkawari baɗi za a ba shi ɗari biyu. Kalmomin da aka yi amfani da su ma sun isa shaida: ubangida da yaro, ba ma'aikaci da mai kamfani ba. Ubangida kan yi wa yaronsa aure, ya biya masa haraji, ya tsaya masa a gaban alƙali. Tsarin madugu ne aka sauke daga kan hanyar Gwanja aka shimfiɗa shi a kan gyaɗa.

Kada mai karatu ya ɗauka ana nufin zamani ne na adalci tsantsa. Ba haka ba ne. Lokacin karɓar haraji ya zo daidai da kaka, don haka manomi ba shi da damar riƙe kayansa har kuɗi ya tashi. Dagaci na bakin ƙofa, ɗan baranda na gindin bishiya. Bashin falle, wanda ake ci da damina a biya da amfanin gona, ya ceci iyalai da yawa a watan yunwa, ya kuma ɗaure wasu shekara da shekaru. Akwai mai tauye mudu, akwai akawun sikeli da ke karanta awo yadda ya ga dama a gaban mutumin da bai san lamba ba. Manomi ma ya koyi nasa algus, ya zuba yashi ko tsakuwa a gindin buhu, ko ya yayyafa wa gyaɗa ruwa don ta yi nauyi. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da birnin Katsina ta kuma wallafa littafinta a 1972, ta nuna yadda bashi da sayar da amfanin gona da wuri ke raba mai hali da talaka a ƙauye ɗaya. Sa'an nan a shekarun 1930 kasuwar duniya ta karye, kuɗin tan ɗaya a Kano ya faɗi ƙasa da fam uku a kakar 1933/34, manyan kamfanoni kuma suka haɗa baki a kan abin da za su biya. Haraji kuwa bai sauka daidai da faɗuwar ba, sai manomi ya ƙara faɗin gona domin ya samu kuɗin da ya saba samu.

Duk da wannan, abu ɗaya ya rage masa: ya san fuskar wanda ya cuce shi. Ɗan barandan da ya yi ƙaurin suna a kasuwa ɗaya, baɗi sai ya ga buhunan na wucewa gaban wani.

Zamanin hukuma

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sauya tsarin. A 1942 gwamnatin Ingila ta ɗora sayen gyaɗa a hannun hukuma guda ta Afirka ta Yamma. Bayan yaƙi ba a koma gidan jiya ba: a 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta Nijeriya, a 1954 kuma aikin ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Daga nan hukuma kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa waje. Ita ke yanke kuɗi kafin kaka, ita ke ba 'yan kasuwa lasin su saya mata a kan la'ada. Alkawarin da aka yi wa manomi shi ne, a shekarar da kasuwar duniya ta yi kyau za a ajiye masa rara, a shekarar da ta faɗi a cika masa daga ajiyar. Wato hukuma ta mai da kanta ma'ajin manomi, kuma a Hausa abin da aka ba ma'aji sunansa amana.

Ya kamata a yi wa hukumar adalci a kan abu ɗaya, shi ne ingancin kaya. Da, da turmi da taɓarya ake ɓare gyaɗa, ƙwayar ta farfashe, man da ke cikinta ya lalace kafin ta kai Turai. A shekarun 1950 hukumar ta ware wani mataki na musamman ga gyaɗar da mafi yawan ƙwayarta ba ta fashe ba, ta sa masa ƙarin kuɗi, aka kuma yaɗa ƙaramin injin ɓara na hannu. Cikin 'yan shekaru mafi yawan abin da ake saye ya koma wannan mataki. Ba doka ce ta yi wannan aiki ba, ba kuma wa'azin malaman gona ba. An ce wa manomi in ya gyara za a ƙara masa, ya gyara, aka ƙara masa a gabansa a kan sikeli. Inda aka cika magana, mutumin da ake kira jahili mai ƙin sauyi ya sauya hanyar aikinsa cikin ɗan lokaci. A tsakiyar shekarun 1960 abin da hukuma ke saye a kaka ɗaya ya haura tan miliyan ɗaya, dalolin Kano kuwa, kowace da buhu wajen 15,000, suka zama tambarin Arewa.

Sai dai babbar amanar, ta rarar kuɗi, ita ce ba a riƙe ba. Tun a 1954 masanin tattalin arziki P. T. Bauer ya yi suka cewa hukumomin nan sun zama hanyar karɓar haraji a ɓoye. Gerald Helleiner, a littafinsa na 1966, ya ƙiyasta cewa daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon 1960 abin da aka riƙe daga hannun manoman gyaɗa, tsakanin harajin fitarwa da rarar hukuma, ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu na abin da da sun samu. Ba a ce duk kuɗin an cinye ba. Da irinsa aka yi hanyoyi da makarantu, da shi aka sa hannu a masaƙar Kaduna da ta fara aiki a 1957. Mai kare hukumar zai ce ƙasa ba ta ginuwa sai da haraji, kuma yana da gaskiya. Amma ba da sunan haraji aka karɓa ba, da sunan ajiya aka karɓa, mai ajiyar kuma ba a taɓa kiran sa an karanta masa lissafi ba. Bugu da ƙari, da siyasar jam'iyyu ta kankama, samun lasin saye ya riƙa bin kusanci da masu mulki, ta yadda amanar mai lasin ta juya sama, wajen wanda ya ba shi takarda, maimakon ƙasa wajen wanda ya ba shi gyaɗa.

Bambancin madugu da hukuma ke nan. Madugu ba shi da iko sai yarda, don haka kullum yana neman ta. Hukuma doka ta ba ta iko, sai ta ga kamar ba ta bukatar yarda, tun da babu wani madugun da za a bi.

Ashe kuwa akwai. Daga Batsari zuwa Jibiya ba nisa, daga Jibiya kuma Maraɗi na nan kusa, mutanen ɓangarorin biyu dangi ne da auratayya, iyakar da Ingila da Faransa suka shata ba ta raba kasuwanninsu ba. A Nijar ma an kafa kamfanin gwamnati mai sayen gyaɗa, SONARA, a 1962. Duk kakar da kuɗin ɗaya ɓangaren ya ɗara, sai jakuna su san hanya da dare; wata shekara gyaɗa ta yi arewa, wata shekara ta yo kudu. Hukumomin biyu suka kira wannan fasa-ƙwauri. A wurin manomi kuwa, tsohon haƙƙin bafatake ne na ya bar ayarin da bai gamsu da shi ba. Wata ƙofar kuma tana cikin gida: matan da ke soya gyaɗa su matse mai su yi ƙuli-ƙuli suna biya nan take, ba sikeli ba akawu, kuma duk lokacin da kuɗin hukuma ya yi ƙasa sai kason da ke tafiya wurinsu ya ƙaru.

Rushewa

Ba daidai ba ne a ɗora faɗuwar gyaɗa a kan rashin amana kaɗai. Farin 1972 zuwa 1974 ya ƙone gonakin arewacin Katsina da Kano da Sakkwato, mutane suka koma neman abin da za su sa a baki. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙananan ƙwari ke yaɗawa, ta share gonaki masu ɗimbin yawa a Arewa, har iri ya yi wuya. Kuɗin man fetur kuma ya ja matasa birni, ya sa gwamnati ta daina dogara da buhun manomi. Waɗannan duka gaskiya ne. Abin tambaya shi ne me ya hana gyaɗar fitarwa farfaɗowa bayan an samu ruwa, alhali ta farfaɗo bayan yunwar 1914 da karyewar kasuwa ta shekarun 1930. A waɗancan lokuta akwai wanda zai zo da iri da ɗan kuɗin falle ya ce a sake gwadawa, a kuma yarda da shi domin an san shi. A 1975, lokacin da ya kamata a buɗe ajiyar shekara ashirin da biyar, manomi bai ga abin da ya kai asararsa ba, bai ma sa ran gani ba.

Gwamnati ta yi ƙoƙarin gyara. A 1973 gwamnatin tarayya ta karɓi ikon yanke kuɗin amfanin gona ta kuma ɗaga shi. A 1977 aka rushe hukumomin jihohi aka kafa na ƙasa, kowace da hajarta, ta gyaɗa a Kano, ta auduga a Funtuwa. Sabuwar hukumar gyaɗa ta tarar da kuɗin kasuwar gida ya wuce nata, sai ta zauna da ma'aikata da rumbuna ba kaya. A 1986, a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Babangida, aka soke hukumomin baki ɗaya. Da su aka tafi da abin da suka yi daidai, wato tantance inganci da ƙarin kuɗi ga mai kaya mai kyau. Noman gyaɗa ya dawo a Arewa daga baya, da taimakon sababbin iri masu jure cuta, amma cikinta ya koma kasuwar gida, wajen masu injin mai da mata masu ƙuli-ƙuli. Shekara guda bayan soke hukumomin, a 1987, aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Filayen dalar gyaɗa na Kano kuwa an yanka su an yi gine-gine.